Dillalin hatsin da ya ƙaurace wa tuwo: wata takwas na atisayen gudun fanfalaki a Gombe

Mutumin da abin da ya sa a gaba (Yuli 2024)

Dillalin hatsi ne a kasuwar Tudun Hatsi da ke cikin garin Gombe, shekararsa 38, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Tsawonsa mita 1.74. A farkon Yuli sikeli ya nuna kilo 88, faɗin ƙugunsa santimita 99. Ba shi da ciwon suga, ba shi da hawan jini, domin an gwada duka biyun wata biyu kafin nan. Ya yi shekara biyu yana gudu tare da mu, masu haɗuwa a bakin filin wasa na Pantami bayan sallar asuba. Ni nake riƙe da littafin ƙungiyar, saboda na koyar da motsa jiki a sakandare kafin na yi ritaya, sai aikin rubuta nisa da lokaci ya faɗo kaina. Duk alƙaluman da ke nan daga littafin suke, an kuma fitar da su da yardarsa.

A lokacin yana gudun kilomita 20 zuwa 25 a mako, a fita uku. Kilomita 10 yakan yi ta a kan minti 6 da daƙiƙa 10 kowace kilomita, yana hira ba haki. Bugun zuciyarsa idan ya farka daga barci 58 ne a minti.

Abu biyu ya ɗauko tare. Yana so ya shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, ya gama kilomita 42.195 da ƙafarsa. Sannan yana so ya je can yana kilo 76. Ya rubuta lambar a takarda ya manna a jikin durowar shagonsa.

Na roƙe shi ya rubuta mini duk abin da ya ci na kwana uku. Da safe shayi mai kauri da madara da sukari, burodi da wainar ƙwai a teburin mai shayi. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, da lemon kwalba. Da la'asar soyayyar gyaɗa yana ci yana ciniki, wani lokacin fura da nono. Da dare tuwon masara a gida. Bayan isha'i kuma majalisa, inda ba a rasa tsire ko balangu da wani lemon. Yana azumin Litinin da Alhamis tun yana saurayi. Na karanta takardar na ajiye, ban ce masa komai ba.

Agusta zuwa Satumba: ya yanke hatsi baki ɗaya

A makon farko na Agusta ya zo da labarin wasu bidiyoyi da ya gani a waya, masu cewa sitaci ne abokin gaba, wanda ya daina cinsa jikinsa zai koma ƙona kitse. Daga ranar ya bar tuwo, shinkafa, burodi, fura, doya, dankali, har da wake da ayaba. Abin da ya rage masa ƙwai ne, da nama, da kifi, da kabeji, da kwaɗon zogale. Mahaifiyarsa da ta ji, cewa ta yi: "Kai da kake cin abinci da hatsi, yau kai ne kake cewa hatsi cuta ne?" Ya ce, "Inna, na ɗan lokaci ne."

A kwana 10 ya sauka daga kilo 88 zuwa 84.5. Ranar da ya faɗa mana, mutum biyu a ƙungiyar suka ce su ma sun shiga.

Ga abin da ke faruwa a jiki a irin wannan lokaci. Sitaci da sukari, waɗanda ake haɗawa a kira kabohaidiret, jiki yana ajiye su da sunan gilaikojin: kimanin giram 400 a tsoka, kimanin giram 100 a hanta. Kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Idan aka daina cin sitaci ana kuma gudu, rumbun yakan kusa ƙarewa cikin kwanaki, ruwan ya bi shi ta fitsari. Nan kaɗai kilo 2 sun tafi, ban da abin da ya ragu a cikin hanji. Kitse kuwa, kafin kilo ɗaya ya narke sai an samu giɓin kalori wajen 7,700, wato jiki ya ƙona ƙarfin da ya fi na abincin da aka ci da wannan adadi (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci).

A daidai wannan lokacin muka fara ƙara masa nisa bisa tsarin shiga gasa: kilomita 30 a mako, 36, 40, har 45 a tsakiyar Satumba. Littafin ya nuna yadda abin ya tafi. A mako na 3 kilomita 10 ɗinsa ta koma minti 6 da daƙiƙa 35 kowace kilomita. A mako na 6 ta kai minti 7, kuma babu hira, sai haki. Bugun zuciyar safe ya hau 67. Yana farkawa ƙarfe biyu na dare barci ya ƙi dawowa. Bayan gida ya yi tauri. Mura ta kama shi sau biyu a wata guda. Yaron shagonsa ya gaya wa wani daga cikinmu cewa Alhaji ya zama mai faɗa, mudu ɗaya ya zube sai ya yini yana masifa.

Akwai wani abu da bidiyoyin ba su lissafa ba. Nama da kifi da ƙwai ba su da arha, kuma mai iyali ba zai ci tsiren dubbai shi kaɗai kullum yara suna kallo ba. Don haka gurbin tuwon da ya cire bai cika da komai ba. Da muka zauna daga baya muka ƙiyasta, abin da yake ci a rana bai wuce kalori 1,800 ba, alhali jikinsa yana ƙona sama da 3,000.

Sikelin kuma ya fara taurin kai. Daga 84.5 sai da ya yi mako biyar kafin ya ga 82.5.

Lahadin ƙarshe ta Satumba, hanyar Dadin Kowa

Tsarin ranar kilomita 24 ne, mu bi hanyar Dadin Kowa mu juyo a ta 12. Ya fito da ruwa kawai a cikinsa, daren jiya kuma ƙwai uku da kabeji ya ci. Har kilomita 13 yana tare da mu. A ta 15 ya koma baya. A ta 17 wani yaro daga cikinmu ya waiwaya ya gan shi zaune a bakin kwalta, kansa tsakanin gwiwoyi. Zufa ce mai sanyi, hannu yana rawa, yana cewa yana ganin duhu-duhu. Da na tambaye shi kilomita nawa muka yi, sai ya daɗe kafin ya amsa.

Aka sayo lemon kwalba a wani ɗan shago. Da farko ya kau da kai, wai akwai sukari. Na ce, "Alhaji, sha, gardamar ma yi ta a gida." Kafin minti 15 idonsa ya washe, ya miƙe da kansa. Ɗan acaɓa ne ya kai shi gida.

Washegari ya je asibiti. Babu maleriya, jininsa bai yi ƙasa ba, hawan jini babu. Likitan ya tambaye shi abin da yake ci, ya saurara, ya ce ya koma cin abinci ya kuma huta mako guda.

Oktoba: tuwo ya dawo da tawagarsa

Ya koma, amma komawa irin ta wanda aka sako daga ɗaure. Ya dawo da duk abin da ke takardar Yuli, har da ƙari: masa da miyar taushe bayan gudun safe, lemo biyu a rana, majalisar dare ba fashi. Hujjarsa ita ce, "Malam, ai na gudu."

Ƙarfi ya dawo nan da nan. Cikin kwana 10 kilomita 10 ta koma minti 6 da daƙiƙa 15, barci ya daidaita, bugun safe ya sauko 60. Sikeli kuwa ya tashi daga 82.5 zuwa 84.5 a makon farko, ya kai 86 a ƙarshen wata. Kilo biyun farko ruwan nan ne ya dawo tare da gilaikojin. Sauran ci ne.

Lissafin ba shi da wuya. Mai gudu yana ƙona kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Ga mai kilo 85, kilomita 10 kalori 850 ke nan. Lemon roba na santilita 50 yana da sukari sama da giram 50, wato kalori 200 da ɗoriya. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne. Giram 100 na gyaɗa, wanda bai fi cikin tafi biyu ba, ya kusa 570. Lemo ɗaya da gyaɗar la'asar sun kusa cinye gudun asuba.

A ƙarshen Oktoba ya same ni a gida bayan la'asar, gwiwa a sanyaye. Ya ce, "Malam, na bar abinci na faɗi, na ci abinci na yi ƙiba. An gudu ba a tsira ba." Saura mako 15 a yi gasar.

Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu: kowace rana da awonta

Muka ɗauko ma'aunin da ƙungiyoyin masana abinci da likitocin wasanni na Amurka da Kanada suka fitar tare a 2016. A ciki, mai aikin jiki kaɗan yana bukatar kabohaidiret giram 3 zuwa 5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai atisayen awa guda giram 5 zuwa 7, mai awa ɗaya zuwa uku giram 6 zuwa 10. Tunda yana son ragewa, muka tsaya a ƙasa-ƙasan kowane mataki, muka raba makonsa gida uku.

Litinin da Alhamis, ranakun azuminsa, suka zama ranakun hutu daga gudu. A da yana gudu a cikinsu, wanda ya ƙara masa wahala ba gaira ba dalili. A waɗannan ranaku wajen giram 260 ne, a raba tsakanin sahur da buɗa-baki. Talata, Laraba da Juma'a, ranakun gudun awa guda, wajen giram 400. Daren Asabar da yinin Lahadi, lokacin dogon gudu, giram 500 zuwa 550.

Giram ba yaren kicin ba ne, don haka uwargidansa ta shigo cikin lamarin, kuma gaskiya ita ta riƙe tsarin. Ya kawo ƙaramin sikeli daga kasuwa, suka auna gari da shinkafa tun suna busassu. Giram 100 na garin masara yana da sitaci wajen giram 75, shinkafa ɗanya ta ɗan fi haka. Sau ɗaya suka yi awon, suka ga iya inda ya tsaya a gwangwanin madara, daga nan ta koma aiki da gwangwani da ido. Ranar hutu malmala ɗaya da miya mai yawan ganye. Ranar gudu malmala biyu. Daren Asabar shinkafa ko dafaffen dankali, ba a yi masa ƙwauro.

Inda aka yanke shi ne mai da abin sha. Ta rage cokali uku na mai daga abincinsa na yini, kalori 360 ke nan ba tare da kwanonsa ya ragu a ido ba. Lemon kwalba ya koma na ranar Lahadi kaɗai, bayan dogon gudu. Gyaɗar la'asar ta koma ayaba ko lemon zaƙi. Majalisa bai bar ta ba, kuma ban nemi ya bari ba, tsinken tsire biyu ne sau biyu a mako maimakon kullum. Giɓin da muka nufa kalori 400 zuwa 500 ne a rana, a tsakaice.

Furotin, wato sinadarin gina jiki, muka sa shi wajen giram 1.6 a kowane kilo, wato kusan 135 a rana, don kada ragewar ta ci tsoka. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, saboda haka sai da aka haɗa da wake, alale, awara, kindirmo marar sukari, da kifi idan an samu. Waken da ya kora a Agusta shi ya fi komai sauƙin kuɗi a jerin.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne na kafin gudu da na cikin gudu. Ana fitowa bayan asuba, babu lokacin narkar da abinci mai nauyi. Ya gwada fura da nono, cikinsa ya kumbura, a kilomita 6 ya shiga daji. Ya gwada koko da ƙosai, man ƙosan ya taso masa. Koko shi kaɗai da ɗan sukari ya zauna lafiya, haka ma yanka biyu na burodi da zuma, ko ayaba biyu, idan ya ci kafin ya tafi masallaci.

A cikin gudun da ya wuce minti 90, ma'aunin giram 30 zuwa 60 ne a kowace awa. Dabino ya fi komai dacewa da aljihunsa da cikinsa, ƙwaya 6 zuwa 8 a awa. Makon farko busasshe ya ɗauko, ga hunturu ya busar da baki, ya kasa haɗiya. Daga nan aka koma cire ƙwallon a yayyafa masa ruwa tun dare, a ƙulle a leda. Wani ɗan ƙungiya mai babur yana binmu da jarkar ruwa da aka zuba sukari giram 60 a kowace lita da ɗan gishiri.

An samu tangarɗa sau ɗaya. A tsakiyar Disamba sikeli ya tsaya mako biyu a kan 83.5, sai ya rage tuwon daren Asabar a ɓoye. Ran Lahadi ya ja ƙafa daga kilomita 20 zuwa 26. Uwargidan ce ta tona, ta aiko ɗansu wurina ya ce mini, "Baba, Umma ta ce a gaya maka rabi ya ci." Daga nan muka daina hawa sikeli kullum, sai safiyar Juma'a, muka ƙara da awon ƙugu.

A mako 10 ya sauka daga kilo 86 zuwa 81.5, ƙasa da rabin kilo a mako. Ƙugu ya koma santimita 91. Nisan mako ya kai kilomita 55. Kilomita 10 ta dawo minti 5 da daƙiƙa 50, bugun safe 55. Bai yi mura ba duk da ƙurar hunturu.

Mako huɗu na ƙarshe da ranar gasa

A tsakiyar Janairu na ce a dakatar da ragewa, ya ci daidai da abin da yake ƙonawa. Wannan ce gardamar da ta fi tsawo tsakaninmu. Ya ce saura kilo 5.5. Na ce saura gudun kilomita 32 a ƙarshen wata, ya zaɓa. Ya yi kwana biyu yana gaishe ni a taƙaice, sannan ya yarda. Ya gama kilomita 32 ɗin a awa 3 da minti 28, ya koma gida da ƙafarsa.

Kwana biyu kafin gasa ya ɗaga sitacin zuwa wajen giram 8 a kowane kilo, kusan 650 a rana: shinkafa, burodi, dankali, kunu, da ƙarancin mai da wake da ganye don kada ciki ya dame shi. Na gargaɗe shi tun da wuri cewa zai ƙara kilo ɗaya ko fiye na ruwa. Da dabinonsa ya tafi Legas daga Gombe, bai taɓa wani abin ci ko sha da bai saba da shi ba.

Ya yi rabin tafiyar a awa 2 da minti 16. Abin da bai taɓa haɗuwa da shi a atisaye ba shi ne damshin iskar Legas: mutumin da ya saba zufa ta bushe masa a jiki cikin hunturu, can rigarsa ta jiƙe tun kilomita 5. Daga ta 34 tsokar ƙwaurinsa ta fara ɗaurewa, ya riƙa haɗa gudu da tafiya. Duhun ido da rawar hannu ba su zo ba. Ya gama a awa 4 da minti 48. Safiyar da ya bar Gombe nauyinsa kilo 82 ne.

Dalilan da suka sa aka ga abin da aka gani

Faɗuwar Satumba abu uku ne suka haɗu. Rumbun gilaikojin babu komai, jimillar abincin ta yi ƙasa ƙwarai, ga nisa ana ƙarawa mako-mako. Tun 1967 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa tsawon lokacin da mutum zai jure aiki mai ƙarfi yana bin yawan gilaikojin da ke tsokarsa, shi kuma yana bin abin da aka ci a kwanakin baya. Ko rumbun a cike yake, kalori wajen 2,000 ne, gudun fanfalaki kuma ga mai kilo 82 yana cin sama da 3,400. Shi ya sa dabinon hanya ya zama dole. Alamomin da ya nuna kuwa, rashin barci da yawan mura da saurin fushi da raguwar ƙarfi, suna cikin abin da Kwamitin Olamfik na Duniya ya bayyana a 2014 game da 'yan wasan da ba sa cin abin da ya ishi aikinsu.

Bidiyoyin ba ƙarya zalla suka yi ba. Wanda ya yanke sitaci jikinsa yana ƙara ƙona kitse, haka ne. Sai dai kitse yana bukatar iskar shaƙa fiye da sitaci kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Binciken da Louise Burke ta jagoranta a Ostareliya kan zakarun tseren tafiya, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa waɗanda aka cire wa sitaci sun ƙona kitse sosai amma lokacinsu bai inganta ba, alhali na masu cin sitaci ya inganta.

Oktoba ta gaza ne saboda ya ɗauki gudu a matsayin lasisin ci. Idan aka koma takardar Yuli, tuwon dare ba shi ne babban mai laifi ba. Mai ne, da lemo, da gyaɗa, da naman bayan isha'i. Da na faɗi haka tun ranar da na karanta takardar, da wataƙila ba a je Agusta ba. Laifina na biyu ya fi wannan: a Satumba ina ganin lokacinsa yana lalacewa a littafin da ke hannuna, na ɗauka kasala ce, na ci gaba da ƙara masa kilomita.

Tsarin Nuwamba ya yi aiki ne domin giɓin ƙarami ne, an kuma ɗora shi a ranakun da jiki ba ya aiki, an ciro shi daga mai da abin sha, an bar sitacin a gefen gudu inda ake bukatarsa. Ya kuma dace da gidan: tukunya ɗaya ake dafawa, azuminsa bai taɓu ba, kuɗin cefane bai ƙaru ba. Wannan awo na mai lafiya ne. Mai ciwon suga, musamman mai shan magani ko allura, lissafinsa daban ne kuma da likitansa zai yi shi.

Kilo 76 kuwa tun farko ba ta dace da watannin shirin gasa ba, taura biyu ce a baki ɗaya. Daga 88 zuwa 82 ya samu, ya kuma gama tseren. Ya ce sauran zai neme su da damina, lokacin da babu gasa a gabansa kuma nisan mako bai wuce kilomita 30 ba. Takardar tana nan manne a jikin durowa, sai dai yaron shagon ya rubuta farashin buhun masara a ƙasanta.